Dabino a Dutse da Kewaye

Dabino na daga cikin itatuwan da Allah Ya albarkaci ƙasar Dutse da su. Yana jure zafi da ƙarancin ruwan sama matuƙar saiwarsa ta kai ga damshin ƙasa, don haka ya dace da gonakinmu da harabar makarantu da ofisoshi. A Dutse ne Cibiyar Binciken Kwakwar Manja ta Nijeriya, wato NIFOR, take da reshenta na binciken dabino.

Dabino akwai mace akwai namiji, kuma macen ce kaɗai ke 'ya'ya. Wanda ya shuka ƙwallo, kusan rabin abin da zai tsiro maza ne, ba kuwa zai gane ba sai sun yi fure bayan shekaru. Saboda haka muna shawartar manoma da jami'an ƙananan hukumomi su dasa 'ya'yan da ke tsirowa a gindin uwa mai kyau, domin su ne ke gadon halinta. A bar tazarar mita 8 zuwa 10 tsakaninsu, a riƙa ban ruwa har su kama. Idan mace ta yi fure, a ɗaura mata furen namiji. Namiji ɗaya ya ishi mata da dama.