Fuskar Aro a Birnin Benis

A ƙarni na 18, birnin Benis, wanda a yau yake cikin ƙasar Italiya, ya yi suna wajen shagulgulan rufe fuska. Watanni da dama a kowace shekara doka ta yarda mutum ya fita gari da fuskar aro. Shigar da ta fi yaɗuwa ita ce "bauta" (kalmar ba ta da dangantaka da tamu ta Hausa): farar fuska, baƙar alkyabba da hula mai kusurwa uku. Maza da mata duk suna sa ta. An sha faɗin cewa a ƙarƙashinta basarake da talaka ɗaya suke.

Masu zanen wancan zamani ba su goyi bayan wannan magana ba. Francesco Guardi da Pietro Longhi sun zana zauren Ridotto, gidan caca da hukuma ta amince a buɗe a shekarar 1638. Duk mai shiga sai ya rufe fuska, in ban da ƴan gidan sarauta masu riƙe da teburan caca, waɗanda ke zama da doguwar rigarsu ta mulki, fuska a buɗe. Yawancinsu talauci ya ci su, sai asali kaɗai ya rage musu, to amma asalin nan shi ya ba su kujerar. Saboda haka a cikin taron da ake cewa kowa ya ɓace, wanda kuɗi ke bi ta hannunsa a sarari yake. Sauran jama'a kuwa, tsadar yadi da leshi sun isa su tona wanda fuskar ta ɓoye.

Lamarin mata ya fi ban tausayi. A zanen da Longhi ya yi a 1751, na ƴan kallon karkandar nan Clara da aka yi yawo da ita a Turai, akwai mace sanye da "moretta", ƙaramar baƙar fuska ta karan-miski. Ba ta da igiyar ɗauri. Wani maɓalli ne a cikinta da mace ke cijewa da haƙora, muddin tana sanye da ita ba ta iya magana. Mai "bauta" kuwa yana ci, yana sha, yana zance, domin haɓar fuskarsa a turo take.

A 1774 Babbar Majalisar birnin ta rufe Ridotto, ganin yadda dukiyar manyan gidaje ke narkewa a kan tebur. Jamhuriyar kanta ta faɗi a hannun Napoleon a 1797. Zanen Guardi yana nan a gidan tarihi na Ca' Rezzonico.