Citta, Robb da Ƙwayoyin Roxy: Tarihin Maganin Murar Talaka a Abijan

Bahaushen da ya tashi a Maraɗi ko Katsina ya san lokacin mura kamar yadda ya san lokacin girbi. Da hunturu ya kama, ƙura ta turnuƙe, leɓe ya soma tsagewa, sai atishawa da majina su biyo baya. Abijan ta rikita wa 'yan ci-rani wannan lissafi. A can iskar hunturu leƙowa kawai take yi tsakanin Disamba da Janairu, ta koma. Sanyin da ke kama mutum na ruwa ne: babbar damina daga Mayu zuwa Yuli, Yuni ya fi kowane wata ruwa, sannan Agusta ya shigo da lumshi da iska mai danshi daga teku. Ɗan dakon da ya wuni da jiƙaƙƙiyar riga a tashar jiragen ruwa, ya koma ya kwana cunkushe da 'yan garinsu a ɗaki ɗaya a unguwar Treichville, ya san da me zai tashi gobe.

Maganin da ya ƙullo a leda daga gida, rabinsa daga kurmin wannan yanki na kudu ya fito tun asali. Kimba, masoro, citta mai 'ya'ya da namijin goro duk tsirrai ne na ƙasa mai ruwa da inuwa, ba su son rairayin Damagaram ko na Gobir. Fatauci ne ya kai su tukunyar Hausawa. Citta mai 'ya'ya ma ta daɗe tana ƙetare Sahara har Turai, kuma saboda ita ne Turawan jirgin ruwa suka laƙaba wa gaɓar Laberiya ta yau sunan gaɓar yaji. Kanumfari ne baƙo na nesa, asalinsa tsibiran Maluku na Indunusiya, daga baya Zanzibar ta zama gidansa.

Hanyar da ta haɗa ƙasar Hausa da wannan kurmi ita ce hanyar Gwanja. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci zuwan fataken Gwanja Katsina a zamanin Sarki Yakubu, tsakanin 1452 da 1463. A ƙarni na 19 Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka riƙe cinikin. Madugu ya ja ayarin jakuna ɗauke da kanwa, gabu, turkuɗi da jar fata, a yi watanni a hanya, a sauka Salaga, a komo da goro. Bayan Ingila ta ƙone Kumasi a 1874, kuma yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, fatake suka watsu zuwa wasu zangon, ciki har da Bonduku da ke arewa maso gabashin Kwaddibuwa ta yau, inda dama akwai unguwar Hausawa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka bar Salaga shi ne Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya zauna a Kete-Krachi. Da annobar mura ta 1918 ta sauka daga jirgin ruwa a Firitawun ta mamaye Afirka ta Yamma, ya rubuta waƙa a kanta.

Bonduku ɗin nan ce wani matashin Bafaranshe, Marcel Treich-Laplène, ya isa a 1888 yana neman sarakuna su sa hannu a takardun yarjejeniya. Ya mutu a 1890, zazzaɓi ya cinye shi. Zazzaɓin shawara kuma ya kori Faransawa daga hedkwatarsu ta Grand-Bassam bayan annobar 1899, suka koma Bingerville, daga nan suka tare a Abijan a 1934. A shekarar ce aka sa wa unguwar da ke ƙetaren tafkin Ebrié sunan Treichville. Tsarin birnin a fili yake: Turawa a kan tudun Plateau, baƙar fata a Treichville ta kudu da Adjamé ta arewa. Layin dogon da aka fara a 1904 aka raɗa masa suna Abidjan-Niger bai taɓa isa Nijar ba, ya tsaya a Wagadugu a 1954. 'Yan Nijar dai sun iso, da ƙafa da mota da jirgin, musamman bayan an haƙa mashigar Vridi a 1950 tashar jiragen ruwa ta buɗe, aikin dako ya samu. Wanda ke son ganin rayuwarsu ta lokacin ya nemi fim ɗin Jean Rouch na 1958, Moi, un noir, wanda aka ɗauka a lungunan Treichville. Jigonsa Oumarou Ganda ne, Bazabarme ɗan Yamai, tsohon sojan yaƙin Indochina da ke aikin ƙarfi a tashar, wanda daga baya ya zama babban mai shirya fim a Nijar.

Mutumin da ake biya a wuni ba shi da damar kwanciya don mura. Abin da yake nema shi ne hanci ya buɗe, jiki ya saki, ya fita da asuba. A fahimtar magani ta Hausa kuwa mura aikin sanyi ce, ana cewa sanyi ya shige shi, don haka sai a kore shi da zafi. Lewis Wall, Ba'amurken da ya zauna a wani ƙauye kusa da Malumfashi ya fitar da littafi kan maganin Hausawa a 1988, ya yi bayani kan irin matsayin da sanyi ke da shi a wannan tunani. Daga nan ne tsarin ya fito: shayi mai citta da kanumfari da masoro, a matsa lemun tsami, in da hali a zuba zuma. Kunun kanwa ko na tsamiya da zafinsa. Farfesu mai kimba da barkono har gumi ya keto. Namijin goro a kumatu don maƙogwaro, tafarnuwa ga mai iya jure warinta. Da dare a tafasa ganyen darbejiya ko na turare, a lulluɓa da bargo a yi sirace, a shafe ƙirji da man kaɗanya.

Abijan ta ƙara nata. Wajen Julawa aka samu gnamakoudji, ruwan citta mai kaurin da ke sa ƙwalla, da ganyen kinkeliba, da ciyawar sitronel da ake shukawa a bayan ɗaki. 'Yan Nijar kuma suka kama teburan shayi da kofi na bakin titi, har mutanen gari suka koma kiran mai teburin aboki. Su ne dai suka yi kaka-gida a sana'ar garba, wato attiéké na rogo da soyayyen kifin tuna da ɗanyen barkono yankakke. Ba don magani ake cin garba ba, amma mai toshewar hanci da ya ce a ƙara masa barkono ya san abin da yake yi.

Me likitocin zamani suka ce game da duk wannan? Ingila ta buɗe cibiya sukutum a Salisbury a 1946 don binciken mura kaɗai, tana ɗiga wa 'yan sa-kai ƙwayar cutar a hanci, ta yi fiye da shekara 40 tana aiki, aka rufe ta ba ta samo magani ba. An gano ƙwayar da ta fi haddasa mura a 1956, daga baya aka fahimci irin ƙwayoyin sun haura 200. Ciwon kan tafi da kansa cikin mako guda zuwa kwana 10. Abin sha mai ɗumi yana sanyaya maƙogwaro, zuma tana rage tari, sai dai ba a ba jaririn da bai cika shekara ba. Sirace shaidarsa ba ta da ƙarfi, kuma tukunyar tafasasshen ruwa ta ƙona yara da yawa. Wato shayin mai tebur bai kashe ƙwayar cuta, amma babu maganin kanti da ke kashe ta, kuma shi kuɗinsa kaɗan ne.

Kantunan Turawa da na Kwara ne suka kawo man shafawa na ɗan gwangwani. Mentholatum da Vicks daga Amurka suka taso a ƙarshen ƙarni na 19, kuma annobar 1918 ce ta ɗaga cinikin Vicks sama. A yankinmu Robb ya fi shiga aljihun talaka, sai ɗan jan gwangwanin Sin, sai alewar TomTom da 'yan tireda ke kawowa daga Najeriya. Waɗannan ba su kori citta ba, zama suka yi kusa da ita a kan tebur ɗaya. Mantol yana sa mutum ya ji kamar iska na wucewa ne kawai, bai buɗe komai ba, amma wanda ya samu barci da shi ba zai saurari wannan bayani ba.

Abin da ya sauya kasuwar da gaske kuɗi ne. A shekarun bunƙasar koko da kofi, asibitocin gwamnati irin na Treichville, wanda tushensa ya koma shekarun 1930, suna ba da magani kusan kyauta. Farashin koko ya faɗi a shekarun 1980, Shirin Bamako na 1987 ya kawo tsarin maras lafiya ya biya. Shugaba Houphouët-Boigny ya rasu ranar 7 ga Disamba 1993, bayan mako biyar aka karya darajar sefa da rabi, a Janairun 1994: faran ɗin Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Ƙasar da kusan duk maganinta daga waje yake zuwa, galibi daga Faransa, ta wayi gari da takardar likita ta gagari mai ƙaramin ƙarfi. Kuma farmasi galibi kwali guda take sayarwa, ba ta ɓare shi.

Mai tallar bakin titi kuwa tana ɓarewa. Nan ne sirrin Roxy, kasuwar da ta tsiro a Adjamé kewaye da tsohon gidan siliman da ta ci sunansa, wadda ake lissafawa cikin manyan kasuwannin maganin titi na Afirka ta Yamma. Dubban mata ne ke zaune da faranti da kwanduna, ƙwayoyi ja da rawaya da fari suna shan rana. Mutum ya faɗi abin da ke damunsa da abin da ke hannunsa, a ƙirga masa biyu ko uku a ƙulle a takarda. Babu kuɗin ganin likita, babu layi, ga bashi in an saba. Duk wanda ya raina wannan bai taɓa auna kuɗin magani da kuɗin tuwon dare ba.

Sai dai mura ce ciwon da Roxy ta fi cutar mai shi. Abin da aka fi ɗora masa shi ne kafso, irin wanda ake kira tupaye, maganin kashe bakteriya da ba ruwansa da mura. Ya sha na kwana biyu, mura ta tafi don lokacinta ya yi, kafso ya kwashe yabo, jiki kuma ya koya wa ƙwayoyin cuta jure maganin da wata rana za a nema ido rufe. Haɗin maganin mura yawanci da farasitamol a cikinsa, mai saye ya ƙara da wani farasitamol ɗin daban, hanta ta ɗauki nauyin da ya wuce giram 4 da aka ƙayyade wa babba a wuni. Wannan in ƙwayar ta gaske ce ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin 10 na magungunan ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci. A shekarar jami'an tsaro suka dira Roxy suka kwashe kimanin tan 40. Ba a daɗe ba faranti suka dawo.

Maganin tari na kwalba ya fi ban tsoro. Kano ta ga abin da kodin ya yi wa matasa da matan aure kafin rahoton BBC na 2018 ya sa gwamnatin Najeriya ta hana haɗa shi da shigo da shi. A 2022 yara kusan 70 suka mutu a Gambiya, ƙodarsu ta lalace, bayan shan ruwan maganin tari da mura da aka yi a Indiya, wanda aka samu gubar diethylene glycol a ciki. Iyayen nan mura suka je yi wa magani.

Gwamnatin Kwaddibuwa ta bi ta hanyoyi da dama. Ta sake fasalin babban rumbun maganinta da ke Treichville a 2013 don wadata asibitoci da magunguna masu rahusa. Ta yi dokar da ta amince da masu maganin gargajiya a 2015. Ta kafa inshorar lafiya ta kowa, CMU, wadda ta soma aiki a 2019, jikar sefa guda a wata kan kowane mutum, asusun ya biya kashi 70 cikin 100 na abin da ya shiga tsarin. Ga ɗan ci-ranin da ke zuwa bayan girbi ya koma kafin shuka, yin rajista da biyan wata-wata ba ƙaramin aiki ba ne, shi ya sa teburin aboki da farantin Roxy ba su rasa ciniki ba.

Akwai inda citta da kafso duka ba su da ta cewa. Abijan gari ne na sauro shekara zagaye, zazzaɓin cizonsa kuma yakan fara da ciwon kai da kasala irin na mura, don haka jiki in ya yi zafi gwajin jini ake nema, musamman ga yaro da mai ciki. Yaron da numfashinsa ke sauri, haƙarƙari na shiga ciki, na asibiti ne a ranar. Tarin da ya wuce mako biyu, da rama da gumin dare, shi ma ya fita daga hannun mai shayi. Treichville da Adjamé kowace tana da tsohuwar cibiyar tarin fuka, inda ake gwada kaki, maganin kuma kyauta ake ba da shi.