Hutun iyali a Jos da Bukuru: wuraren ziyara, abinci da abubuwan kiyayewa

Garin Bukuru, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu a Jihar Filato, yana kimanin kilomita 15 kudu da tsakiyar birnin Jos, amma gine-gine sun riga sun haɗe garuruwan biyu. Yawancin abin da iyali za su gani ko su ci a wannan yanki ya samo asali ne daga abu biyu: tudun da garuruwan ke kai, wanda ya kai kusan mita 1,200 daga matakin teku, da kuma kuzar da aka shafe shekaru ana haƙowa a ƙarƙashinsa.

Tun kafin zuwan Turawa ana narka kuza a Liruwe, amma a farkon ƙarni na 20 ne kamfanonin Ingila suka shigo da haƙa ta zamani. Ƙaramin layin dogo da ya taso daga Zariya ya iso Bukuru a 1914, babban kamfanin kuza na ATMN ya kafa cibiyarsa a garin, haka ma kamfanin lantarki na NESCO, wanda ke samar da wuta daga ruwan Kurra. Leburori da 'yan kasuwa daga ƙasar Hausa, Borno da kudancin Najeriya suka zauna tare da Birom, Afizere da Anaguta. Kasuwar kuza ta duniya ta durƙushe a 1985, sai dai cakuɗuwar jama'ar ta zauna daram, kuma Hausa ce harshen ciniki har gobe.

Wurin da ya fi cancantar a ba shi yini guda shi ne Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952. A nan ake ajiye da mutum-mutumin yumɓu na al'adar Nok, waɗanda aka fara tsinta a 1928 a ramin haƙar kuza, kuma shekarunsu sun haura dubu biyu. Akwai zauren tukwane daga sassan ƙasar nan, da tsofaffin kawunan jirgin ƙasa da yara kan yi dandazo a kansu. A harabar ne kuma aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa, kamar yadda magina na da suka yi. Yaron da ya tashi a gidan bulo zai ga yadda ake ɗora bakan gizo da azara, abin da littafin makaranta ba ya iya nuna masa. Gine-ginen ƙasa dai suna buƙatar yaɓe duk shekara, kuma damina ta yi wa wasunsu illa.

Gandun Namun Daji na Jos, da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, ya dace da ƙananan yara. Matasa masu ƙarfin gwiwa sai Duwatsun Shere da ke gabashin birnin, masu tsayin mita 1,829. Dutsen Riyom, wanda duwatsu suka hau kan juna kamar an jera su da hannu, yana gefen hanyar Abuja, kuma 'yan mintoci sun isa a gan shi.

Game da abinci, kada baƙo ya bar Filato bai ɗanɗana gwate ba. Fate ne na acca ko tsakin masara, wanda ake dafawa da yakuwa, alayyahu, gauta da ƙashi mai ɓargo. Ɗan tsami da ɗan ɗacin da ke cikinsa su ne daɗinsa, kuma da zafi ake shan sa, musamman da safiyar hunturu. Ita acca, wadda ke yi a ƙasa mai tsakuwa inda dawa ba ta yi sosai, ana tuwo da kunu da ita. Sanyin yankin ne ya sa dankalin turawa, kabeji, karas da latas ke yi a Bokkos, Mangu da Barikin Ladi, ana kuma samun su ɗanyu shakaf a kasuwar Farin Gada ta Jos da kasuwar Kugiya ta Bukuru. A ƙauyen Chaha da ke kusa da Vom ana noman sitiroberi, wanda ake tallarsa a bakin titi lokacin rani. Masa, tsire da balangu kuwa ba su da wuyar samu da yamma, domin Bukuru na da karar shanu.

Akwai abubuwa biyu da magidanci ba zai yi sakaci da su ba. Na farko tsofaffin ramukan kuza da suka cika da ruwa. Daga nesa tafkuna ne masu ban sha'awa, wasu ma kamar na Rayfield an mayar da su wurin shaƙatawa, amma suna da zurfi da gangara mai santsi, kuma sun sha cin rayukan masu wanka. Kada a bar yaro ya kusanci wanda babu mai tsaro a bakinsa. Na biyu tsaro: rikice-rikicen 2001, 2008 da 2010 sun raba unguwanni da dama bisa addini, kuma wasu ƙauyukan Riyom, Barikin Ladi, Mangu da Bokkos na fuskantar hare-hare lokaci zuwa lokaci. Cikin gari ana harkoki yadda aka saba, amma tafiya wajen gari a yi ta da rana, tare da ɗan gari, bayan an saurari sanarwar hukuma.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu babu ruwan sama, sai dai sanyin dare da asuba a Disamba da Janairu yana da tsanani ga wanda ya saba da Sakkwato ko Maiduguri, don haka a riƙo rigunan sanyi da safa ga yara. Masu zuwa ta sama suna sauka a filin jirgi na Yakubu Gowon da ke Heipang, wanda ya fi kusa da Bukuru a kan Jos.