Jeren Ɗaki A Matsayin Hoto: Misali Daga Gwarzo Da Kabo

A ƙarni na 17 masu zane na ƙasar Holan, irin su Vermeer (1632-1675), sun shahara da zana cikin ɗaki: ga mace a gefen taga, ga tulu, ga wasiƙa, mai kallo kuwa sai ya tsinci halin da mutanen gidan suke ciki daga yadda aka ajiye kayan. Bahaushe bai gaji irin wannan zane ba. Amma yana da madadinsa, wato jere, kuma a ƙauyukan Gwarzo da Kabo, yamma da birnin Kano, mata sun daɗe suna karanta bangon ɗaki kamar yadda ake karanta hoto.

Da fari ƙore ne da akusa da tasoshi. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuɗin gyaɗa ya shiga hannun manoma, sannu a hankali kwanoni da farantai masu fenti na ƙasashen waje suka kori ƙwarya daga jere. A karkara har liƙa su ake yi a jikin ɗanyen yaɓe, sahu-sahu. Daga baya kabet da tangaram suka karɓe wurin.

Abin lura shi ne, ba miji ke yin jere ba. Uwa ce ke tara kayan tun yarinya tana talla, dangi su cika da gudummawa, gwaggwanni da ƙawaye su jera kafin a kai amarya. Saboda haka 'yar ganin ɗaki gatan amarya take ƙirgawa, kishiya ma da wannan idon take leƙowa. Giɓi a tsakiyar sahu yana nuna an sayar da kwano saboda jinya ko biki, ko an cire wa 'ya za ta ɗakin miji. Bangon da ya rage sai tabon farantai kuwa ba sai an yi tambaya ba, domin kayan ɗaki mallakar mace ne, in aure ya mutu da su take tafiya.

Rahotannin Turawan mulki ba su cika taɓo wannan ba, da yake namiji baƙo iyakarsa zaure. Sai da aka sami mace, Mary Smith, ta zauna da Baba mutuniyar Karo ta ƙasar Kano, a garin Giwa tsakanin 1949 da 1950, sannan labarin cikin gida ya fito daga bakin mai ɗaki, a littafin da aka buga a 1954.