Tarihin Tambayar Izini a Aikin Gayya na Kwamfuta

Mai karɓar adashi a kasuwar Nima, idan ya miƙa wa yaronsa littafin lissafi, dole yaron ya san iyakarsa: dubawa kawai aka ba shi, ko har da rubutu? Irin wannan tambaya ce masana kwamfuta suka daɗe suna yi game da fayil, wato kundin da ake ajiye bayanai a cikinsa.

Tun a tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka faro a Bell Labs a 1969, ba a buɗe fayil sai an faɗi niyya: karatu, ko rubutu, ko duka biyun. Al'amarin ya ƙara nauyi da aka shiga aikin gayya, inda ɗaruruwan kwamfutoci ke raba lissafi guda a tsakaninsu. A 1992 masana suka taru a Williamsburg ta Amurka domin samar da ƙa'idar da na'urorin za su riƙa aika wa juna saƙo, a 1994 kuwa aka fitar da ita da sunan MPI. Sai dai ba ta taɓo batun fayil ba. MPI-2 ta 1997 ce ta cike wannan giɓi, sannan Rajeev Thakur da abokan aikinsa na cibiyar bincike ta Argonne suka aiwatar da shi a manhajar ROMIO.

Ƙa'idar ta tanadi alamomin izini 9. Dole a zaɓi ɗaya tak daga cikin ukun da muka gada daga Unix, kuma duk masu gayyar su ambaci izini iri ɗaya yayin buɗewa. Daga cikin sauran akwai wadda ke sa a share fayil da zarar an rufe shi.

A nan ne amfanin umarnin MPI_File_get_amode ya bayyana. Sau da yawa ɓangaren manhajar da zai yi rubutu ba shi ne ya buɗe fayil ɗin ba, miƙa masa aka yi. Idan bai tambaya ba, yana iya zuba sakamakon lissafin kwana da kwanaki a kundin da zai ɓace da an rufe shi. Umarnin ba ya sauya komai, sharaɗin da aka buɗe fayil a kansa kawai yake faɗa. Shi ya sa Hausawa ke cewa matambayi ba ya ɓata.