Kunkurun Malam: Tarihin Volkswagen Beetle a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

A bayan rumbunan gidanmu da ke Tambuwal akwai wata mota da ta daina tafiya shekara biyar kafin a haife ni. Tayoyinta sun nutse cikin ƙasa har rabi, fentinta da aka ce a da ruwan ƙwai ne ya koma launin jar ƙasa, kaji kuwa sun mai da kujerar bayanta akurki. A cikinta mu yaran gidan muka koyi tuƙin baki, muka je Makka muka dawo ba tare da mun wuce ƙofar zaure ba. Bara, jim kaɗan bayan na kammala hidimar ƙasa, 'yan gwangwan suka zo suka taya ta da kilo. Baffannina suka rabu biyu: masu cewa ƙarfe ne kawai yana tare wuri, da masu cewa ba a sayar da abin tunawa da uba. Kakata ta ce a dakata. Wannan dakatawa ce ta ba ni damar buɗe wani tsohon littafi mai jan bango da marigayi kakana ya bari, wanda a cikinsa ya rubuta kowane galan na mai da ya zuba wa motar da kowane gyara da aka yi mata, daga 1976 zuwa 1994.

Sunanta na yanka Volkswagen Beetle. Kalmar farko da Jamusanci tana nufin motar jama'a, ta biyu kuma buzuzu ne a Turance, saboda doronta. Yarabawa suka dube ta suka ce ijapa, mu ma a nan idonmu bai ga buzuzu ba, kunkuru ya gani. Wasu dattawan kuwa Bosuwaja suke ce mata har gobe.

Asalinta ba mai daɗin ji ba ne. Adolf Hitler ne ya buƙaci a ƙera mota mai arha wadda za ta ɗauki miji da mata da 'ya'ya uku, ta kuma yi gudun kilomita 100 a awa, aka ɗora wa injiniya Ferdinand Porsche aikin. A watan Mayun 1938 aka aza harsashin masana'antar a garin da yanzu ake kira Wolfsburg. Aka shirya wa ma'aikatan Jamus wani irin adashe, suna zuba maki biyar duk mako da alkawarin mota in kuɗin ya cika. Mutum fiye da 300,000 suka zuba, babu ɗaya da ya karɓi motar, domin yaƙi ya ɓarke a 1939, masana'antar ta koma ƙera motocin soja da gumin fursunoni da mutanen da aka tilasta wa aiki. Ɗaya daga cikin motocin nan, Kübelwagen, wadda aka gina a kan ƙashin bayan Beetle, ta yi aiki a hamadar Afirka ta Arewa. Can ne injin nan ya fara haɗuwa da rairayi da zafi irin namu. Bayan yaƙi, wani hafsan sojan Ingila, Manjo Ivan Hirst, ya tarar da masana'antar bama-bamai sun yi mata illa, ya lallaɓa ya tashe ta, rundunarsu ta ba da odar mota 20,000. Daga nan sai abin ya zama kamar wutar daji. A 1955 aka ƙera ta miliyan ɗaya, a Fabrairun 1972 kuma ta zarce Ford Model T a yawan da aka taɓa ƙerawa na mota iri ɗaya.

Shekarun da take wannan tashe su ne shekarun da Nijeriya ta tsinci kanta cikin kuɗin man fetur. A Afrilun 1972 muka bar tuƙi ta hagu muka koma dama, a Janairun 1973 naira ta maye gurbin fam. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Turai su zo su riƙa harhaɗa motoci a gida, a 1975 kuma masana'antu biyu suka fara aiki: ta Peugeot a Kaduna, da ta Volkswagen a Ojo, kan hanyar Legas zuwa Badagry. Daga baya aka samu na manyan motoci a Kano da Bauchi da Ibadan da Inugu. A farkon wannan shekara ta 1975 aka biya ƙarin albashin Udoji, haɗe da ariyas tun daga Afrilun 1974, ga kuma bashin mota da ake ba ma'aikacin da ya kai wani mataki. Ba da jimawa ba rabo ya fito fili: Fijo 504 ta manyan ma'aikata da attajirai, Kunkuru kuwa ta malamin makaranta da malamin asibiti da malamin gona.

Kakana hedimasta ne. Ya karɓi tasa a 1976, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Sakkwato aka kuma ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare kyauta, wanda ya sa aka yi ta buɗe makarantu a ƙauyuka ana tura malamai inda ko babur bai cika zuwa ba. Shi aka tura shi ƙasar Kebbe, kudu da Tambuwal, inda Gulbin Zamfara ya ratsa. Tambuwal tana kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, amma da zarar mutum ya saki wannan hanya ya yi kudu, to a wancan zamani sai burji da turba: rairayi da rani, taɓo da damina. Shafukan farko na littafinsa cike suke da sunayen garuruwa, Kebbe da Kuchi da Dogon Daji da Jega da Gummi da Birnin Kebbi. Yau waɗannan suna cikin jihohi uku, amma a lokacin duk jiha ɗaya ce.

Na nemi waɗanda suka taɓa riƙe irin motar ko suka yi hulɗa da ita, na samu mutum uku da ke raye. Na farko tsohon makanike ne, wanda idonsa ya yi rauni amma hannunsa bai manta ba. Da na ambaci motar sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, wagga mota raƙumi ce, ba ta biɗar ruwa." Abin da yake nufi shi ne ba ta da lagireto. Injinta yana baya, iska ce ke sanyaya shi ta hanyar wata fanka da fambel ke juyawa. A ƙasar da direban Fijo ba ya fita sai da jarkar ruwa, wannan ba ƙaramar falala ba ce. Nauyin injin a kan tayoyin baya yake, su ne kuma masu ja, don haka takan ratsa rairayin da manya ke kafewa a ciki. Cikinta a shafe yake kamar faranti, babu abin da ke maƙalewa. In kuma ta kafe, nauyinta bai wuce kilo 800 da 'yan kai ba, ƙarti shida sun isa su ciccibe ta. Sai dai ya ce tana da sharuɗɗa guda biyu da ba ta yafewa. Na ɗaya, baƙin mai: ba ta da matatar mai ta sosai sai 'yar rariya, don haka wanda ya yi wasa da juye a cikin ƙurar hunturu ya kashe injinsa da hannunsa. Na biyu, fambel: in ya tsinke fanka ta tsaya, wanda ya ga jar wuta ta kama ya ce bari in ƙarasa gari, to injin ne zai ƙarasa kafin shi. Na koma littafin kakana na tarar da shaidar haka. A wata rana cikin 1977 ya rubuta cewa fambel ya tsinke tsakanin Kebbe da Tambuwal, ya kwana a daji. Daga ranar, duk inda ya sayi fambel biyu yake saye.

Na biyu ɗan kasuwar albasa ne, shi kuwa ba ya ko son jin sunanta. Ya saye ta na hannu don ya ga malamai na yayi, bai shekara biyu da ita ba ya rabu da ita. But ɗinta a gaba yake, safaya da tankin mai sun cinye rabinsa, buhu ɗaya ba ya shiga. Batir kuma a ƙarƙashin kujerar baya yake. Wata rana ya ɗauko wani aminin nasa mai jiki, ƙarafan kujerar suka lotsa suka taɓa kan batir, sai hayaƙi daga ƙarƙashin baƙo. Makaniken ya tabbatar mini wannan sananniyar matsala ce in murfin batir ya ɓace. Na uku, tsohon malamin asibiti, maganarsa gajeriya ce: ya ce shekara goma sha ɗaya ya yi da tasa, bai taɓa kai ta Sakkwato don gyara ba, komai a gindin bishiya aka yi shi.

Amma wadda ta fi kowa sanin motar ba ta taɓa riƙe sitiyarinta ba. Kakata ta ce mini, "Maigida, ku maza labarin inji kuka sani. Ni na san ƙofa biyu gare ta." Kafin mace ta shiga baya sai an kwantar da kujerar gaba ta sunkuya ta kutsa, da goyo da lulluɓi, maza na tsaye suna kallo. Wanda ya zana ta a Jamus bai yi tunanin gida mai mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya ba. Da salla sai kakana ya yi sawu uku.

Ita ce kuma ta warware mini wani layi da na kasa fahimta. A watan Agustan 1979 kakana ya rubuta kalma huɗu kacal: "Asibiti, dare, galan uku." Ta ce matar wani maƙwabcinsu ce a ƙauyen da yake koyarwa ta kwana biyu tana naƙuda, ungozoma ta yi iya yinta ta sallama. Duk yankin babu wata mota sai tasa. Aka cire kujerar gaba ta fasinja aka shimfiɗa tabarma, aka kwantar da matar, kakata ta zauna a baya ta riƙe kanta a cinya. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Samarin ƙauyen suka biyo motar da ƙafa, da fitilun ƙwai, duk inda ta kafe su ɗaga ta su aza gaba, har sau huɗu, kafin su kai inda hanya ta yi ƙarfi su juya. Sai da asuba suka isa. Uwar ta rayu, ta haifi wasu biyar bayan nan. Jaririn bai zo da rai ba. Da na san wannan sai na sake bin littafin daga farko, na ƙirga wurin da aka rubuta "asibiti" na samu talatin da ɗaya, "jana'iza" tara, "amarya" goma sha huɗu. Ashe bashin mutum ɗaya ya ci, amma motar ta gari ce.

Daga 1982 rubutun ya fara sauya kama. Farashin ɗanyen mai ya faɗi a duniya, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shigo da matakan tsuke bakin aljihu, shigo da kaya ya koma sai da lasisi. Nan asirin masana'antunmu ya tonu. Ba ƙera mota muke yi ba, ɗaura ta muke yi. Inji da giya da mafi yawan sassa a akwatuna suke zuwa daga waje, masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta da aka sa rai za ta ciyar da su kuwa ba a kammala ta ba. Da aka karya darajar naira a Satumban 1986 ƙarƙashin shirin SAP na Janar Ibrahim Babangida, kuɗin akwatunan ya tashi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwa ta koma hannun tsofaffin motocin Turai da muke kira 'yan Kwatano. Masana'antar Ojo ta yi ta ja da baya har ta yi shiru. A littafin kakana wannan babban tarihi ya bayyana a ƙananan kalmomi: "an aika Kano", "ba a samu ba", "an sa na hannu". Litar mai da yake saye kwabo 20 a 1982 ta kusa kwabo 40 a 1986. A daminar 1994 ma'aikatan mai suka shiga yajin aiki kan soke zaɓen 12 ga Yuni, mai ya ɓace, a watan Oktoba lita ta koma naira 11. Layi na ƙarshe cewa ya yi an jingine ta sai mai ya samu. Mai ya samu, amma kuɗin fansho bai kai ba.

Dattawan nan suna yawan cewa ba a sake yin mota irinta ba. A nan ina da ja, cikin ladabi. Mota ce mai ƙara, mai zafi a watan Afrilu, tankin manta yana daf da gwiwar direba, ba ta da wata kariya in aka yi karo. Jamusawan da kansu sun daina ƙera ta a ƙasarsu tun Janairun 1978, ko da yake Meziko ta ci gaba har 30 ga Yulin 2003, lokacin da jimillarta ta haura miliyan 21 da rabi. A ganina abin da suke kewa ba ƙarfen ba ne, zamanin ne da malamin firamare zai ɓare ledar sabuwar mota da albashinsa. Ni da digirina ban san sa'ana ko ɗaya da ke wannan mafarki ba. Abin mamaki, sunan Volkswagen bai bar hanyar Kebbe ba. Golf ce yanzu ke jigilar mutane da buhuna ranar kasuwa, mutum biyu a kujerar gaba ban da direba, but a buɗe an ɗaure da igiya. Kusan dukkansu an ƙera su ne kafin a haife ni, wani ya more su a Turai ya gaji kafin su iso mana.

Makon jiya na riƙo hannun tsohon makaniken na kawo shi bayan rumbu. Muka kori kaji, muka ɗaga murfin baya da ƙyar. Ya daɗe yana shafa injin da yatsunsa, ya sa aka cire fulogogi aka ɗiga baƙin mai a ramukan, ya ce a bar shi ya kwana uku. Ranar ta huɗu ya sa sifana ya danna, ya sake dannawa, sai muka ji abin ya motsa kaɗan. Ya ce kafireta ta mutu, wayoyi ɓera ya cinye, tayoyi da birki sai sababbi, kuma kayan sai an bincika Ƙofar Ruwa a Kano, in ba a dace ba sai Ladipo a Legas. Na rubuta lissafin a shafin da ke bin na ƙarshe a littafin kakana, ya kama kusan ninki goma na abin da 'yan gwangwan suka taya. Baffannina sun ce za a zauna a kan maganar bayan an cire amfanin gona. Kakata kuwa ta ce ko me za a yanke, a fara nema wa kajinta wurin kwana.