Tafasa Ba Ta Isa Ba: Yadda Asibiti Ya Daina Yarda da Idonsa

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, likitan tiyata a manyan asibitocin Turai yakan shiga aiki da rigar da jini da mugunya suka bushe a kanta, ya goge wuƙarsa da tsumma, ya juya kan majinyaci na gaba. A ma'aunin zamaninsa ba ƙazami ba ne, tunda wuƙar tana ƙyalli, ruwan kwanon wanke hannu kuma garau yake. Idan ana ba da labarin yadda aka fita daga wannan hali, akan jero na'urori ne da sunayen masu ƙirƙirarsu, a ce wane ya zo da tukunyar tururi, wane ya zo da matatar ruwa, shi ke nan aka huta. Wanda ya bi tarihin a tsanake zai tarar ba a taɓa hutawa ba. Kusan kowace dabara ta kashe ƙwayoyin cuta ta fito ne bayan an kama wadda ta gabace ta tana barin wani abu da rai, ita ma kuma kafin a je ko'ina sai a gano nata giɓin. Shi ya sa nake ganin abin da ya fi ceton rai a wannan fage shi ne ɗabi'ar da asibiti ya koya da ƙyar, ta ƙin yarda da na'ura sai ta kawo shaidar aikinta a kowane zagaye.

Da sinadari aka fara. A 1847, a babban asibitin Vienna, Ignaz Semmelweis ya tilasta wa ɗaliban likitanci masu fitowa daga ɗakin fiɗar gawa su wanke hannu da ruwan kilorin kafin su taɓa masu haihuwa, sai mace-macen sashen suka sauko daga kusan kashi 18 cikin 100 zuwa wajen kashi 2 cikin 'yan watanni. A 1867 Joseph Lister na Glasgow ya wallafa sakamakon wanke rauni da kayan aiki da kabolik. Maganin ya yi aiki, amma yana cin nama, na majinyaci da na mai yi masa aiki. Irin waɗannan ruwaye masu kaifi ne suka sale hannun ma'aikaciyar jinya Caroline Hampton a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, har William Halsted ya sa kamfanin Goodyear ya yi mata safar roba wajen 1890. Wato safar hannun da kowa ke gani a yau an fara sa ta ne don kare ma'aikaci daga magani, daga baya aka lura tana kare majinyaci daga ma'aikaci.

Wuta kuwa an ɗauka ba abin da ke tsere mata. John Tyndall ne ya ɓata wannan lissafi a Ingila wajen 1876 da 1877. Ya jiƙa busasshiyar ciyawa, ya tafasa ruwan na sa'o'i, ya rufe, bayan kwanaki sai ya ga ruwan ya gurɓace da halittu. A daidai lokacin Ferdinand Cohn a Breslau ya bayyana dalili: wasu bakteriya, idan suka ji wuya, sukan dunƙule cikin wani ɓawo mai tauri su yi likimo, tafasa ba ta yi musu komai, idan hali ya gyaru su farfaɗo. Masu haddasa tetanos da ruɓewar rauni suna cikin masu wannan dabara. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100 a ma'aunin Selshiyas komai yawan itacen da aka zuba, don haka mafita ita ce a rufe tukunyar gam, a hana tururi fita, matsi ya ƙaru, zafi ya haura. Denis Papin ya ƙera irin wannan tukunya tun 1679 don laushe ƙashi, ita ce kakar tukunyar firesha da ake dafa ganda da wake, amma sai a 1879 Charles Chamberland, mataimakin Louis Pasteur a Paris, ya mayar da ita otokilef, na'urar kashe ƙwayoyin cuta. Binciken Robert Koch da abokan aikinsa a 1881 ya nuna cewa tururi ya fi busasshen zafi saurin kisa nesa ba kusa ba. Da tururi ya taɓa ƙarfe mai sanyi sai ya koma ruwa, ya sauke zafinsa gaba ɗaya a wurin, danshin kuma ya dafe ƙwayar har cikinta. Abin da tanda take yi cikin sa'a biyu a digiri 160, tururi yana gama shi cikin minti 15 a digiri 121, ko minti 3 a digiri 134. A Berlin, Ernst von Bergmann da mataimakinsa Curt Schimmelbusch suka shigar da tururi ɗakin tiyata a shekarun 1880. Gwangwanin ƙarfen da Schimmelbusch ya tsara don auduga da bandeji har yau yana nan a ɗakunan tiyata da na haihuwa: yana da ƙananan huji a gefe da wani maɗauri da ake murzawa, a buɗe hujin sa'ad da yake cikin tukunya don tururi ya ratsa, a rufe su da zarar an fito da shi.

Ruwa ya fi ƙarfe wuyar sha'ani. Chamberland ɗin nan ya ƙera matata ta tangaran a 1884, mai siffar kyandir, wadda hujinta suka yi ƙanƙanta da bakteriya ba sa iya wucewa. An yi murna da ita ƙwarai. Shekara takwas kacal bayan haka Dmitri Ivanovsky ya tace ruwan ganyen taba mai cuta da ita, ya shafa wa lafiyayyen ganye, ganyen ya kamu. Matatar da aka yi don ta tsare komai ita ce ta fara tona asirin cewa akwai bairos, halittar da ta fi hujinta ƙanƙanta.

Abin da ya fi ɗaure kai ya biyo baya. Da aka fara yi wa mutane allura ta jijiya da yawa, musamman bayan fitowar maganin tunjere na Paul Ehrlich a 1910, sai majinyata suka riƙa kamuwa da zazzaɓi da makyarkyata jim kaɗan bayan allurar. An ɗora wa maganin laifi, har Wilhelm Wechselmann ya lura a 1911 cewa idan da sabon ruwa aka dama shi, wanda aka tara daga tururi a ranar, zazzaɓin ba ya zuwa. Ruwan da ya kwana shi ne mai laifi, ko da an dafa shi a otokilef. Florence Seibert, tana ɗalibar digirin digirgir a Yale, ita ta warware zaren a 1923. Bakteriya sukan tsiro a ruwan da aka ajiye. Zafi yana kashe su, amma gubar da ke jikin bangonsu tana nan daram, ba ta jin tururi, tana kuma ratsa matata. Ta kuma gano ta inda gubar ke shiga ruwan da aka tara daga tururi: yayin da tukunya ke ɓararraka, ƙananan ɗigo na ɗanyen ruwa sukan yi tsalle su bi tururin su tsallaka. Sai ta sa wani shinge a wuyan na'urar da ke tare ɗigon ya bar tururi zalla ya wuce. Gyaran ƙarami ne, amma ƙarin ruwa da ƙarin jini na yau a kansa suke tsaye. Kuma a lura, bayan Seibert ba wanda ya ce tunda an sa shinge an gama. A 1942 kundin ƙa'idar magunguna na Amurka ya shigar da gwajin zomo: a yi wa zomaye allurar ruwan, a auna zafin jikinsu, idan ya hau a zubar da kason gaba ɗaya. Daga baya Frederik Bang da Jack Levin suka gano cewa jinin wata halittar teku mai kama da ƙaguwa yana daskarewa da ya haɗu da wannan guba, aka amince da shi a matsayin gwaji a 1977.

Mai ja zai ce wannan duk ƙarin gishiri ne, domin gwaji bai taɓa kashe ƙwayar cuta ko ɗaya ba, tururi ne ke kashewa, kuma otokilef ɗin Chamberland bai canza a asalinsa ba. Gaskiya ne, sai dai abin da ya faru a asibitin Devonport da ke Plymouth a 1972 ya amsa masa. Majinyata biyar suka rasu bayan an yi musu ƙarin ruwan sukari da wani kamfani a Liverpool ya haɗa. Kwalaben sun shiga otokilef, an rufe, ma'aunin matsi ya nuna daidai. Amma iska ta maƙale a cikin tukunyar, iska kuwa ta fi tururi nauyi, sai ta kwanta a ƙasa ta lulluɓe kwalaben da ke can, zafi bai kai gare su ba. Na'urar da ke rubuta zafi ta nuna akwai matsala, ma'aikata suka yi biris da ita saboda ta saba lalacewa, samfurin da aka gwada kuma daga kwalaben sama aka ɗauka. Kwamitin Clothier da ya binciki lamarin bai sami wani sabon ilimi da aka rasa ba. Sakaci ya samu. Tukunyar da ba a tuhume ta ba ta fi rashin tukunya haɗari ta wata fuska, domin abin da ya fito daga cikinta ba wanda zai sake yi masa kallon zargi.

Irin wannan matsala ta iska ita ce tun da farko ta haifar da gwajin Bowie da Dick, wanda aka wallafa tun a 1963. Akan naɗe tawul-tawul a jera su, a cusa takarda a tsakiyarsu mai ɗauke da tef da aka manna a gicciye, a sa ƙunshin shi kaɗai cikin otokilef da safe kafin a fara aiki. Tef ɗin yana da ratsi-ratsi masu baƙanta idan tururi ya taɓa su. Idan an buɗe aka ga ratsin ya yi baƙi daga gefe har tsakiya, tururi ya ratsa. Idan tsakiyar ta yi fari-fari, iska ta ɓuya a wurin, ranar ba a dafa kayan kowa a wannan tukunya. Akwai kuma gwajin da ya fi wannan tsauri, inda ake sa ƙwayoyin wani bakteriya mai matuƙar jure zafi a cikin kaya da gangan, bayan an gama a yi ƙoƙarin tayar da su; idan suka tsiro, tukunyar ta yi ƙarya.

Wani kuma zai ce zamanin roba ya wuce da wannan duka, tunda sirinji da allura da safar hannu yanzu a leda suke zuwa, a yi amfani da su sau ɗaya a yar. Hujjarsa tana da ƙarfi. A Masar, daga shekarun 1950 zuwa 1980, an yi wa miliyoyin mutane allurar tsargiya da sirinjin gilas da ake ɗan tafasawa a gurguje tsakanin mutum da mutum, abin da ya bar ƙasar tsawon shekaru da cutar hanta nau'in C fiye da ko'ina a duniya. Binciken 2008 ya nuna kusan kashi 15 cikin 100 na manya sun taɓa kamuwa. Irin wannan ne ya sa a 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka nemi a koma sirinjin da ke kulle kansa bayan amfani ɗaya a harkar rigakafi. To amma ledar ba ta kawar da bukatar shaida ba, ta dai kai ta masana'anta, inda ake kashe ƙwayoyin da iskar gas ko haske mai ratsa jiki, ana kuma bin kowane kaso da gwaji. Sannan almakashi da matsefatan tiyata ba a yar da su. Ruwan wankin ƙoda ma ba ya zuwa a leda, a nan asibiti ake tace shi, kuma majinyaci ɗaya jininsa yana gogayya da fiye da lita 300 a mako, ba abin da ke tsakaninsu sai siririyar fata. A shekarun 1970 aka gano cewa alminiyam ɗin da ke ruwan famfo, wanda mai lafiya ke sha ba abin da ya same shi, yana taruwa a ƙwaƙwalwar masu wankin ƙoda ya gusar musu da hankali. A 1996 a garin Caruaru na Brazil, wata cibiyar wankin ƙoda ta karɓi ruwan tanka daga madatsa mai gansakuka mai guba, matatun cibiyar kuma ba a kula da su ba. Fiye da mutum 50 suka rasu da lalacewar hanta. Matatun suna nan a girke, ba wanda ke auna abin da ke fitowa daga cikinsu.

Sukar da ta fi cancantar a saurara ita ce ta kuɗi. Asibitin ƙauye da ba shi da wuta tsayayya, a Najeriya ko Nijar ko wani wuri, ina zai samu jinin halittar teku da ɗakin bincike? Kuma ai tafasa ta fi babu. Ta fi, ba shakka: minti 20 a tafasasshen ruwa yana kashe bairos na hanta da na ƙanjamau da yawancin bakteriya, saura masu ɓawon nan. Sai dai idan aka duba farashi, na'urar ce mai tsada, shaidar ita ce mai araha. Otokilef ƙarami yana aiki a kan risho ko gas, kuma shekaru da dama shirin rigakafi na duniya da irinsa ya yi aiki a ƙauyuka, tare da 'yar takardar da ba ta canza launi sai zafi da tururi da lokaci sun cika su uku. Naɗin tef ɗaya yana kai wa watanni, littafin rubuta zafi da lokacin kowane zagaye biro kawai yake bukata. Abin da ya saba faruwa shi ne a sami mai ba da gudummawar tukunya ta miliyoyi, a yi bikin buɗewa, a manta da sa kuɗin tef da robar murfi a kasafin shekara mai zuwa.

Ko tururin kansa ba shi ne ƙarshen magana ba. A 1977 aka ba da rahoto daga Zurich cewa matasa biyu sun kamu da cutar ƙwaƙwalwa ta Creutzfeldt-Jakob ta hanyar wayoyin gwajin ƙwaƙwalwa da aka yi amfani da su a kan wata mai cutar, aka goge su da barasa da fomalin kamar yadda ƙa'idar lokacin ta ce. Daga baya, bayan an sake wanke wayoyin sau da dama, aka dasa su a ƙwaƙwalwar biri, birin ya kamu. Abin da ke kawo cutar furotin ne da ya lanƙwashe, ba shi da ran da za a kashe, kuma minti 15 a digiri 121 ba su isar masa. Yanzu kayan da suka taɓa ƙwaƙwalwar mai irin wannan cuta akan jiƙa su a soda mai kaifi kafin tururi, inda hali ya yi kuma a ƙone su.